Motar Kwana a Gandun Zayon: Yadda Kogi Ya Sauya Wa Mutum Uku Tsarin Tafiya

Gandun ƙasa na Zayon yana kudu maso yammacin jihar Yuta a Amurka, kilomita kusan 260 daga Las Vegas. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 600 ba, amma a shekarar 2021 sama da mutum miliyan 5 ne suka ziyarce shi, kuma mafi yawansu wuri ɗaya suka nufa: wani kwazazzabo mai tsawon kilomita 24 da kogin Virgin ya sassaƙa cikin jan dutsen yashi, wanda zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 800. Tun 1919 aka mayar da wurin gandun ƙasa, a zamanin da masu zuwa ba su taka kara sun karya ba. Yau jama'a ta yi wa kwazazzabon yawa, kuma wannan cunkoso shi ya haifi dokokin da mutanen wannan nazari suka yi ta cin karo da su.

Su uku ne, Hausawa mazauna Amurka: wani magidanci, matarsa, da ƙaninsa da ke karatu a jami'a. Babu wanda ya taɓa tuƙa motar kwana, wato mota mai gado da wurin girki, a cikinsu, babu kuma wanda ya taɓa hawan dutse na gaske. Sun sa tafiyar a ƙarshen watan Agusta, kafin a koma makaranta. A takarda tsarin ba shi da wuya: su sauka Las Vegas a jirgi, su karɓi motar haya, su kwana uku a Zayon, su hau dutsen Angels Landing, su shiga ruwan Narrows, inda kwazazzabon ya fi matsewa, daga nan su zarce gandun Bryce Canyon da ke arewa maso gabas, sannan su juyo. Abin da ya ja maigidan ga motar shi ne abin da masu tallanta ke faɗi, cewa gidanka na tare da kai, duk inda dare ya yi maka nan ne masauki. Dalilin uwargidan daban ne. Ita dai za ta dafa abincinta da hannunta, ba sai ta yi ta tambayar me aka zuba a miya a gidajen abincin ƙauyukan Yuta ba.

Motar da abin da ke cikinta

Motar irin wadda ake ƙerawa a jikin bas ɗin kaya ce, mai dogon rufi, mutum na iya miƙewa tsaye a ciki. Lasisin tuƙin ƙaramar mota ya wadatar. Akwai gadon mutum biyu, murhun gas, ɗan firji, wurin wanke-wanke, da ban-ɗakin da mutum da ƙyar zai juya a cikinsa. Ƙanin ya taho da tantinsa tun daga gida. Ba a ma zauna an tattauna ba, kowa ya san ba zai kwana ɗaki ɗaya da yayansa da matar yayansa ba.

Wajen karɓar mota akan zagaya da mai haya a nuna masa komai, kuma a nan ne sabon shiga kan yi ta gyaɗa kai alhali rabin bayanin ya wuce shi. Ruwan motar tanki ne, wanda a irin wannan girman ba kasafai yake wuce lita ɗari da 'yan kai ba. Duk ruwan da ya fita daga famfo yana gangarawa wani tankin na ruwan dauɗa, na ban-ɗaki kuma nasa daban, kuma ba a zubar da ko ɗaya a ƙasa, sai a wuraren da aka tanada. Wutar ɗakin daga wani batir take zuwa wanda ba na injin ba, yana caji idan ana tafiya ko daga farantin hasken rana da ke bisa rufi. Yana ɗaukar fitilu da firji da cajin waya ba tare da wahala ba. Na'urar sanyaya ɗaki ce ba ya iya riƙewa dare guda. Ita sai an jona motar da wutar sansani. Maigidan ya ji wannan magana, amma da yake a cikin inuwar garejin aka faɗa masa, bai ba ta muhimmanci ba.

Daren farko

Sun bar Las Vegas bayan la'asar, saboda sayayyar kayan abinci ta cinye musu yini. Hanyar babban titi ne mai lamba 15, ya ratsa wani ɗan lungu na Arizona ta cikin duwatsu, ya shiga Yuta ta garin St. George, daga nan a kama hanya mai lamba 9 ta Hurricane da La Verkin da Virgin da Rockville har Springdale, ƙauyen da ke bakin ƙofar gandun. Tafiyar awa uku ce ko ƙasa da haka. Sai dai agogon Yuta yana gaba da na Nevada da awa ɗaya, su kuma ba su sa wannan a lissafi ba, don haka suka isa a makare bisa agogon can, duhu kuma ya riga ya yi.

Babbar matsalar ba ta agogo ba ce. A cikin gandun, kusa da ƙofar kudu, akwai sansanin Watchman, inda ake kama wuri ta shafin Recreation.gov tun wata shida kafin ranar zuwa, kuma na lokacin zafi kan ƙare da wuri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Maigidan makonni kaɗan kafin tafiya ya fara nema, Allah ya taimake shi wani ya fasa, ya samu kwana biyu, amma daga dare na biyu. Daren farko ya bar shi a buɗe da tunanin ai da gadonsu suke tafe, sa kwana a filin ajiye motoci na ofishin baƙi. Dokar gandun ta hana kwana a mota in ba a sansani ba, kuma jami'ai na zagayawa. Sai da suka juya baya zuwa wajen garin Virgin, inda akwai filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su, waɗanda ake barin mutum ya yada zango kyauta har kwana 14. Babu ruwa, babu wuta, babu ban-ɗaki, sai ƙasa da taurari.

A watan Agusta zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 38, kuma ƙarfen mota ba ya saurin hucewa. Miji da mata suka buɗe duk tagar da ke buɗuwa, suka kunna fankar rufi, suka yi ta juyi har tsakar dare. Ƙanin da ke waje cikin tanti shi ya fi su barci, kuma bai bar su sun manta ba da safe.

Akwai wani haɗari a wannan zango da ba su sani ba sai daga baya. Hanyoyin shiga filayen na ƙasa ne, idan aka yi ruwa sai su koma taɓo mai riƙe taya, kuma yarjejeniyar haya ta kamfanoni da yawa tana cire inshora idan an sauka daga kwalta. Daren ba a yi ruwa ba. Sa'a ce kawai.

Inda motar ta tsaya cak

Washegari suka shiga gandun. A lokacin kuɗin shiga dala 35 ne ga kowace mota na kwana bakwai, ko a sayi katin shekara na dala 80 da ke shigar da mutum duk gandunan tarayya. Da yake suna da niyyar zuwa Bryce, sai suka tsaya suna lissafi, suka ga gandu biyu bai kai kuɗin katin ba, suka biya na mako.

A nan maigidan ya gano abin da ya fi ba shi mamaki. Tun shekarar 2000, daga bazara har zuwa kaka, ba a barin motocin baƙi su shiga hanyar cikin kwazazzabon. Kowa bas ɗin gandun yake hawa, kyauta, daga ofishin baƙi har tasha ta tara, wato Temple of Sinawava, inda kwalta ta ƙare. Motar da suka biya wa kuɗi masu kauri don ta kai su ko'ina, sai ga ta an jingine ta a gurbinta na sansani, an jona mata wuta, ba ta sake motsi ba har kwana biyu.

A ganina a nan ne ya kamata a auna ainihin amfaninta. Watchman tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa zuwa tashar bas, kuma a lokacin da suka je bas ɗin farko ƙarfe shida na safe yake tashi. Wanda ya kwana a otal a St. George ko Hurricane sai ya yi tuƙi, ya nemi wurin ajiye mota a filin da kan cika tun hantsi bai yi ba, sannan ya bi layi. Su kuwa suna idar da sallar asuba sai su ɗaura takalma. Ga mutanen da suka saba tashin asuba, wannan ba ƙaramar riba ba ce: kafin rana ta leƙo cikin kwazazzabon sun ci rabin hawa.

Ruwa ne ya fara yi musu gardama. Mutum uku masu alwala sau biyar, ga wanke-wanke, ga wanka bayan gumi, tankin ba ya jimawa. Sansanin yana da famfon ruwan sha da wurin zubar da tankunan dauɗa, amma ba shi da wurin wanka. Sai an fita Springdale a biya. Ba a kuma yarda a kunna janareta a cikinsa ba. Uwargidan ce ta kafa doka: alwala da buta a waje, daga famfon sansani, famfon mota kuma na girki ne kawai. Suna ƙasaru, wani lokaci su haɗa azahar da la'asar idan suna kan hanya, alƙibla kuma daga can arewa maso gabas take.

Akwai batun da ya shafi alwala wanda ya kamata duk Musulmin da zai je Zayon ya sani. Tun watan Yulin 2020, bayan wani kare ya mutu jim kaɗan da wasa a kogin, hukumar gandun ke gargaɗi kan wata irin gansakuka mai dafi da ke manne a duwatsun ƙarƙashin ruwan Virgin. Dafin yana taɓa jijiyoyi, kuma abin tace ruwa na matafiya ba ya cire shi. Gargaɗin shi ne kada a sha, kada a nutsar da kai. Alwala kuwa akwai kuskurar baki da shaƙa ruwa. Ruwan garau yake a ido, har ƙanin ya tsuguna zai fara, yayansa ya tuna masa allon da suka karanta a tasha. Daga nan duk inda za su, da gorar alwala daban a jaka.

Angels Landing

Wannan shi ne dutsen da hotonsa ya kawo ƙanin. Tafiyar kilomita 8.7 ce zuwa da dawowa daga tashar Grotto, ana hawa mita 453. An sassaƙa hanyar a 1926, kuma akwai wani sashe mai lanƙwasa 21 a jere da ake kira Walter's Wiggles, don tunawa da Walter Ruesch, wanda ya fara shugabantar gandun. Bayan lanƙwasar sai a fito wani fili da ake kira Scout Lookout. Daga nan ne sauran hanyar ke bin siririn doron dutse, rami dama rami hagu, sai sarƙar ƙarfe da aka kafa mutum ya riƙe. Mutane da dama sun faɗo sun mutu a wurin. Saboda cunkoso a kan sarƙar, daga 1 ga Afrilun 2022 aka wajabta takardar izini, wadda ake samu ta ƙuri'a: ko dai ta watanni kafin zuwa, ko ta jajibirin ranar. Kuɗin shiga ƙuri'ar dala 6 ne, in an ci a ƙara dala 3 kan kowane mutum.

Sun shiga ta jajibiri, ba su ci ba. Suka hau har Scout Lookout, wanda ba ya buƙatar izini, suka zauna suna kallon masu rarrafe a kan sarƙa. Uwargidan ta ce ita ƙuri'ar ta yi mata gata. Hawan kansa ya nuna musu iyakarsu: shawarar gandun ita ce lita huɗu ga kowane mutum a rana, su kuma abin da suka ɗauko bai kai ba, har maigidan ya fara jin jiri a gangarowa. Akwai famfo a Grotto, a nan ya farfaɗo.

Ranar Narrows

Nan ne tsarin ya karye, kuma nan ne nake ganin nazarin ya fi nauyi.

Narrows shi ne sashen da kwazazzabon ya matse har babu hanya sai kogin kansa. Daga tasha ta ƙarshe ana bin wata shimfiɗaɗɗiyar hanya ta kusan kilomita ɗaya da rabi, inda ta ƙare kuma sai a shiga ruwa a nufi sama. Wani wuri ruwan iya idon sawu, wani wuri iya ƙugu, ƙarƙashi duwatsu ne mulmulallu masu santsi. A sashen da ake kira Wall Street bangon dutse ya kai tsawon mita 300, tsakanin bango da bango kuwa mita shida zuwa tara. Wanda ya shiga daga ƙasa ya juyo a rana ɗaya ba ya buƙatar izini matuƙar bai wuce Big Spring ba. Hukumar tana rufe wurin idan gudun ruwan ya haura kimanin lita 4,200 a daƙiƙa, ko kuma idan hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin ambaliya. A tsakanin waɗannan, ƙofa a buɗe take, shawara ta rage ga mai shiga.

Daga Yuli zuwa Satumba lokacin hadari ne a kudu maso yammacin Amurka. Safiya takan zo garau, da rana sai gajimare ya taru a kan tuddai. Kogin Virgin yana tasowa ne daga tudun Markagunt, a tsayin mita 2,700 ko kusa da haka, kuma ƙasar da ke tsakani galibi dutse ne da ba ya shan ruwa. Duk wanda ya tashi kusa da kwari a ƙasar Hausa ya san yadda ruwa kan zo da ƙarfi alhali ko ɗigo bai sauka a garinsu ba. Haka abin yake a nan, sai dai babu gaɓar da za a haye a tsira. Kullum ana liƙa hasashen ambaliya a ofishin baƙi da tashoshi, mataki huɗu, daga ba a sa ran ta har zuwa tabbas tana tafe. Ranar da suka ware wa Narrows hasashen yana mataki na uku.

Sun riga sun yi hayar takalman ruwa da sanduna a Springdale tun jajibiri. Ranar ce kuma za su bar gurbinsu na Watchman. Ƙanin ya dubi sama ya ce, "Yaya, ka duba mana, ko ɗigon gajimare babu. Ga mutane can sai shiga bas suke yi." Maigidan ya karkata ga ra'ayinsa, yana cewa in sun shiga da wuri sa fito kafin azahar. Uwargidan ta ce, "Malam, kullum ƙafata ƙafarka, amma ban da yau." Ƙanin ya ce, "Anti, tsoro dai kike ji." Ta ce, "Ƙwarai kuwa, kuma ban ji kunya ba. Kai dai ƙanin miji, dutsen nan ba inda za shi kafin gobe."

Hujjar mazan ba ta banza ba ce. Hadarin yankin ya fi tasowa da rana, kuma mutane da yawa kan shiga da sassafe a irin wannan rana su fito lafiya. Rauninta shi ne ta dogara da sanin saurin tafiyarsu, su kuma ba su taɓa tafiya cikin kogi ba. A ruwa mai santsi kilomita ɗaya kan ci ninkin lokacin da take ci a tudu. Mutum kuma idan ya shiga wuri irin wannan, kowace kwana tana kiransa ya leƙa ta gaba, lokacin juyawa sai ya yi ta ja da baya. Waya ba ta kamawa a ciki, don haka ko an fitar da gargaɗi bayan sun shiga, ba mai sanar da su. Alamun da ake koya wa matafiya, wato ruwa ya rine ya koma laka, ganye da itace su fara zuwa, ko a ji ruri daga sama, duk suna zuwa ne a lokacin da abin da ya rage bai wuce a haye wani tudu ba, a Wall Street kuwa tudun ma babu.

Abin ya sha faruwa. Ranar 14 ga Satumbar 2015 mutum bakwai suka mutu a Keyhole, wani ɗan matsatsin kwazazzabo a cikin gandun, bayan ruwan sama na ɗan lokaci. Tun da safe suka karɓi izininsu, yanayi ya juya bayan sun shiga, ba yadda za a kai musu labari. A ranar ce ambaliya ta tafi da motoci biyu a garin Hildale da ke kudu, mutum fiye da goma suka rasu, mata da yara. A Agustan 2022 ambaliya ta ɗebe matafiya a Narrows ɗin kansa, wata matashiya daga Arizona sai bayan kwanaki aka ga gawarta a ƙasan kogin.

Maigidan ya bi maganar matarsa. Suka bi hanyar gefen kogi har inda ake shiga ruwa, suka tsoma ƙafa, suka juyo.

Ba a yi ambaliya ba ranar. Gajimare ya taru da la'asar, aka yi tsawa daga nesa, aka ɗan yayyafa, shi ke nan. Waɗanda suka shiga suka dawo cikin bas da jiƙaƙƙun wanduna suna nuna wa juna hotuna, ƙanin kuma ya yini yana cin magani. Duk da haka ni ina ganin shawarar daidai ce. Hasashe a mataki na uku bai yi alkawarin ambaliya a Narrows ba, cewa ya yi akwai yiwuwa mai ƙarfi wasu kwazazzabai su cika. Wanda ya shiga ya fito lafiya bai tabbatar da komai ba face cewa ranar ruwan wani wuri ya nufa. Abin da za su rasa in sun jira shi ne kwana ɗaya da kuɗin hayar takalma. Abin da za su rasa in lissafin ya kuskure ba ya da farashi.

Kwanan da aka ƙara

Jira na nufin ƙarin dare, gurbinsu kuma ya ƙare. Da a otal suke, da sai neman ɗaki a Springdale a tsakiyar lokacin cunkoso, ga kuma asarar wanda suka kama a wajen Bryce. Da yake ba su kama komai a can ba, gadonsu da tukunyarsu kuma suna tare da su, sauya shawara bai ci musu kuɗi mai yawa ba. Wannan karon ba su koma filin BLM ba, saboda hadarin da ke sama da batun taɓo. Suka samu gurbi a wani sansanin 'yan kasuwa a kan hanya mai lamba 9, mai wuta da wurin wanka, suka kwana da sanyi. Bryce aka yafe.

Washegari hasashen ya sauko. Suka yi sammako suka ajiye motar a filin ofishin baƙi tun da sauran wuri, suka kama bas na farko-farko, tafiyar kusan minti arba'in zuwa tashar ƙarshe. Ruwan da sanyi ko a Agusta, domin rana ba ta daɗewa a ciki. Tun kafin su shiga suka yanke ƙarfe nawa za su juyo, ko sun kai inda suke so ko ba su kai ba, kuma uwargidan aka ba riƙon agogo. Sun kai inda kwazazzabon Orderville ya haɗu da kogin, suka ɗan shiga Wall Street, lokaci ya cika, suka juyo. Sandar ta fi takalman amfani, in ji maigidan, wanda duk da haka sai da ya sha ƙasa sau ɗaya ya jiƙa jakar abinci.

Ramin dutse

Da yammar ranar suka so ganin gabashin gandun, wanda sai an bi ta ramin da aka huda cikin dutse, mai tsawon kilomita 1.8, da aka gama a 1930 don motocin wancan zamani. A tsarin da suka tarar, duk motar da faɗinta ya kai mita 2.4 ko tsayinta ya kai mita 3.4 sai ta biya dala 15, jami'ai su tsayar da motocin ɗaya ɓangaren, ita kuma ta bi tsakiyar hanya. Maigidan ya duba takardar motar ya ga faɗin bai kai ba. Bai san ana haɗawa da madubin gefe da rumfar da ke manne a jiki ba. Aka auna a ƙofa, ta kai, ya biya. Hanyar hawa zuwa ramin lanƙwasa ce a kan lanƙwasa, a nan ya fara jin nauyin motar da gaske, a saukowa kuma ya koyi rage giya maimakon danne birki. Bayan ramin akwai gajeriyar hanyar Canyon Overlook, kilomita ɗaya da rabi zuwa da dawowa, sai dai wurin ajiye mota ɗan mitsitsi ne, sai da suka wuce suka juyo kafin su samu inda za ta shiga. Hukumar gandun ta sanar tun 2024 cewa daga tsakiyar 2026 za a daina barin motocin da suka wuce waɗannan ma'aunai su bi hanyar gaba ɗaya, don haka mai shirin haɗa Zayon da Bryce a babbar mota sai ya zagaya ta titi mai lamba 15.

Lissafi

Ta fuskar kuɗi motar ba ta rage musu komai ba. Bayan hayar kowace rana akwai inshora, akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa a kati, akwai iyakar kilomita da in an wuce sai a biya, ga mai da take sha fiye da ƙaramar mota, ga kuɗin sansani. Da suka haɗa, maigidan ya ce da ƙaramar mota da otal mai sauƙi a Hurricane da kusan haka za su kashe, ko ma ƙasa. Alkawarin kwana duk inda dare ya yi kuwa, a Zayon bai da gurbi. Wanda bai kama Watchman tun wata shida ba, ko dai ya yi gadin shafin yana jiran mai fasawa, ko ya kwana a waje. Watan ma bai dace da sabon shiga ba. Ƙarshen Satumba ko Oktoba zafi ya ragu, hadari ya ja baya, ko da yake ruwan Narrows ya ƙara sanyi. Bazara kuma nata matsalar daban, don ƙanƙarar tuddai na narkewa, kogin ya cika, a rufe Narrows na makonni.

Abin da motar ta ba su wanda otal ba zai bayar cikin sauƙi ba shi ne kwana a bakin tashar bas, da tukunyar uwargida, da damar cewa a bari sai gobe ba tare da asara mai zafi ba. Na ukun ne ya sa gardamar ranar Narrows ta mutu da wuri. Mutumin da ya biya ɗaki a wani gari, kuma ya san yau ce kaɗai damarsa, ya fi saurin lallashin kansa cewa sama garau take.

Kafin mayar da motar sai an zubar da tankunan dauɗa, an cika mai, an share ciki, in ba haka ba a cire daga kuɗin ajiya. Aikin tankin ban-ɗaki ƙanin aka ba, bisa hujjar cewa shi ne ƙarami, duk da rantsuwar da ya yi ta yi cewa ko sau ɗaya bai shiga ban-ɗakin ba.